Zuwaira, matar da ta ce ba nonon ba ne

Ke da ke karanta wannan, in kin san abin da za ki yi shi ne ki dangwala mini hoton fuska mai hawaye ki wuce, to ki wuce tun yanzu. Kai ma haka. Rubutun yana da tsawo, kuma akwai maganar da ta shafi jariran gidajenku a cikinsa. Wanda ba zai kai ƙarshe ba, kada ya fara.

Da safiyar nan labari ya iske ni. Zuwaira ta rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina bakin murhu ina dama kunun mai jego ƙanwar Zuwaira ta kira ni daga Maraɗi. Ta ce jiya bayan la'asar ne. Ta ce har an kai ta. Na tsaya riƙe da ludayi har kunun ya kama tukunya, ban ji ƙaurinsa ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, likitar yara ce. Kowa Dakta yake ce mata, ni dai ban taɓa ba. Benci ɗaya muka zauna a kolej ɗin Gazawa shekara huɗu. Ni na tsaya nan, bayan wasu shekaru na yi aure, ita ta zarce lise, babbar sakandare, ta zarce jami'ar Yamai, ta dawo da farar riga.

Ba zan ɓoye muku ba, haushi nake ji. Haushinta nake ji, da ta kwashe watanni tana ciwo ba ta faɗa wa kowa ba, mace mai yi wa mutane faɗa kullum a kan ɓoye ciwo. Haushin kaina kuma ya fi.

Ranar Laraba na kira ta, salula a kashe. Na tura mata vokal, saƙon murya, har uku. Na farko da ladabi. Na biyu da ɗan zafi. A na uku na ce, "Zuwaira, in girman kai ne ya same ki da tsufa, ki faɗa mini in sani." Suna nan har yanzu, ba a buɗe ba. Ashe lokacin tana kwance ba ta san wanda ke kanta ba.

Dalilin kiran kuwa, sai na koma baya kafin ku gane shi.

Dangin maigidana 'yan Cadakori ne, aiki ya kawo shi Agiye muka zauna. Haihuwata ta farko mace ce. Ta zo lafiya, ta yi kuka, ta kama nono. Kwana na uku ina riƙe da ita sai ta sandare. Idanu suka juye, hannu da ƙafa suka shiga karkarwa, leɓe ya yi duhu. Can ta saki, ta nemi nono kamar ba abin da ya faru. Kafin rana ta faɗi ta yi haka sau biyar.

Abin da ya ba ni mamaki, tsofaffin gidansu ba su firgita ba. Kamar dama jira suke. Yaya Hassi, yayar maigidana, ita ta shige gaba. Ta sa aka tatsi nonona a ludayi, ta tsinto kiyashi a bakin ƙofa ta jefa ciki. Ya yi ta wutsil-wutsil, can ya yi shiru.

Ta ce, "Kun gani. Nonon mugu na."

Shi ke nan, an gama shari'a. Aka kawo akuya. Aka ɗaure mini ƙirji da zane, ana ɗura wa ɗiyata nonon akuya ina kallo. Jijjigar ba ta tsaya ba. Zawo ya zo ya hau kai. An yi suna, an sa mata Halima. Kwananta goma sha tara a duniya.

Surukata, Inna, tana zaune a kusurwar ɗaki duk kwanakin nan. Ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Na ɗauka ƙiyayya ce.

Kuma na yarda da hukuncin. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Ni da na zauna aji, na zana zagayen jini a allo mushe, malaminmu, ya yaba mini, na yarda kiyashi ya fi ni sanin abin da ke jikina. Ku masu cewa lakol, wato boko, kaɗai ta isa ta raba mutum da duhun kai, ku yi hattara. Ranar da tsoro ya kama ki, kina ɗanyen jego, tsofaffi shida a kanki, karatun nan gudu yake ya bar ki.

Bayan shekara biyu na haifi Nasiru. Kwana na uku, sai ga shi ya sandare kamar yayarsa.

Allah ya sa Zuwaira tana hutu, tana shekarunta na ƙarshe na karatun likita, ta zo yi mini barka. Ta iske ludayi har ya fito. Ba ta gaida kowa ba. Ta taɓa goshin yaron, ta duba cibiyarsa, ta miƙo mini shi.

Ta ce, "Rabi, sa shi a nono."

Yaya Hassi ta ce, "Ke ɗiyar wa?"

Ta ce, "Ɗiyar mutane ce, Baba. In mun dawo daga likita zan gaishe ki da kyau."

Ta tusa ni gaba muka tafi asibiti. Aka duba jininsa, aka tabbatar ba zazzaɓi ba ne, ba ƙarancin sukari ba ne, ba cibiya ce ta ruɓe ba. Aka ba shi magani. Jijjigar ta ragu, kafin ya cika wata huɗu ta tafi ba ta sake dawowa ba. Da nonona ya girma, wannan da kiyashi ya kafirta. Yau ku je ku ga ƙaton, buhun gero yake ɗauka shi kaɗai.

Da wata ce, tana ceton yaro sai ta yi tafiyarta. Zuwaira ba ta iya barin magana rabi ba.

Da na tashi yawon arba'in zuwa Cadakori ta ce da ita za a je. Da farko ta yi wauta. Ta tambayi tsofaffi ko akwai mai farfaɗiya a dangi. Wa ya aike ki. Suka ɗaure fuska, wata ta tofar da yawu, suka ce gidansu ba a taɓa ba, ba kuma za a taɓa ba. Ta ba su haƙuri, ta ja bakinta.

Kashegari ta sami wuri cikinsu suna ɓarar gyaɗa, ta ja kwarya ita ma. Sai da hira ta yi daɗi ta ce, "Wai ni kam, na ji an ce mutanen gidan nan ƙarfi gare su saboda nonon akuya. Wa da wa aka raina da shi?"

Sai ga baki ya buɗe. Wannan ba abin kunya ba ne a wajensu, abin dariya ne. Suka shiga lissafi suna tafa hannu. Wane ai har yau Ɗan'akuya ake ce masa. Wane da ya ga akuya sai ya bi ta da rarrafe. Wance da ta yi aure Cadawa, ita ma, ɗanta ma. Suna faɗa, tana zanawa a bayan wani tsohon karne, katin asibiti, maza da murabba'i, mata da da'ira, tana ja musu layi.

Ina zaune na ji sunan maigidana. Shi ma da nonon akuya aka raine shi. Shekara huɗu ina gidansa, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Da muka keɓe ta shimfiɗa mini karnen a cinya. Duk waɗanda aka lissafa, layinsu ga kaka ɗaya yake komawa. Iyayensu mata kuwa kowacce da garinta. Wata Tibiri, wata Gazawa, wata daga ƙetaren iyaka wajen Jibiya, wata Bafulatana, ga kuma ni.

Ta ce, "Rabi, ke da kike da kan lissafi. Mata daga gari daban-daban, ba wadda ta haɗa jini da wata, duk sai da suka shigo gidan nan nononsu ya lalace? Ba nonon ba ne. Gado ne, kuma daga cikin gida yake."

Ta nuna wa maigidana. Ya kalla, ya ninke, ya ce Allah ya kyauta. Maza kenan. Ka kawo musu magana mai nauyin dutse, su ce Allah ya kyauta su sa takalmi.

Da za mu hau mota Inna ta biyo mu da ƙwan zabi a ƙoƙo. Ta danƙa wa Zuwaira, ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba. A ranar na gane shirun da ta yi a kusurwar ɗakina. Ita ma an taɓa tatsar nata a ludayi. Ta rayu ta mutu mata suna nuna ta da baki.

Sauran bayanin sai bayan shekaru na same shi, don ta ce lokacin da muka je Cadakori su kansu likitocin sun san gado ne amma ba su gama sanin inda matsalar take ba. Wata rana da damina ta biyo ta Agiye, ruwa ya tsare ta a gidana. Muna zaune a rumfa ta nuna mini indararon soro yana zuba.

Ta ce ƙwaƙwalwa da jijiyoyi cike suke da ƙananan ƙwayoyi masu aika wa juna saƙo da wani abu kamar lantarki. Ƙwaya ta cika ta harba saƙo, sai ta huce kafin ta sake. Abin da ke hutar da ita wasu 'yan ƙofofi ne a jikinta, da wani sinadari mai suna potasiyom yake fita ta cikinsu. Kamar indararo, in ji ta. In yana da faɗi, ruwa ya sauka, soro ya huta. In an gina shi a tsuke, ruwa ya taru, ɗaki ya yi yoyo. Tsarin ginin ƙofofin nan kuwa a rubuce yake cikin abin da yaro ke gada daga uwa da uba. A wasu dangi rubutun yana da ɗan kuskure, ƙofar ta fito a tsuke, ƙwayoyin su yi ta harbawa ba hutu. Jijjigar kenan.

Na ce to me ya sa take tafiya?

Ta ce ƙwaƙwalwar jariri gini ne da ba a gama ba. Yana girma ana ƙara wasu hanyoyin, shi ya sa a irin namu yawanci wata kaɗan ne ta wuce. Ta ce kaɗan daga cikinsu tana iya waiwayarsu da girma, don haka a sa ido. Ta ce wanda ke ɗauke da shi, mace ko namiji, kowace haihuwa rabi da rabi ne, ko yaro ya ɗauka ko ya tsallake.

Kuma ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce akwai gwajin jini da ke tabbatar da wannan, amma ba a nan kusa ake yi ba. "Ban gwada ku ba, ba zan rantse ba. Amma duk abin da na gani a gidanku nan yake nunawa."

Kafin wata ta je ta yi ɓarna da sunana: potasiyom ɗin nan ba abin da za ki jiƙa ki ɗura wa yaro ba ne. Ba ƙarancinsa ne ciwon ba, ƙofar ce. Kar in ji an ba jariri kanwa ko jiƙo an ce Rabi ta faɗa a Fesbuk. Kuma ba kowace jijjigar jariri ce irin tamu ba. Wata zazzaɓi ne, wata wahalar haihuwa, wata tana kisa cikin yini ɗaya. Ke ba ki da hanyar banbancewa. Likita ke da ita.

Bayan Nasiru na haifi biyar. Biyu sun yi, uku sun tsallake. Duk haihuwa, ranar kwana na uku, da safe sai ta neme ni. Kafin salula ta zo, direban taksin Maraɗi take ba wa takarda. Layi ɗaya take rubutawa: "Yaya baƙon?"

In ta zo gidana fura take nema, ta sha ta ƙoshi, sannan ta ce sukari ya yi yawa zan kashe mijina.

In aka tambaye ni 'ya'yana nawa na ce shida, sai ta ce, "Bakwai. Har da Halima." Ita kaɗai ke lissafa ta.

Ganinmu na ƙarshe bayan girbi ne, ranar kasuwar Agiye. Ta tsaya a gidana. Ta rame har zobe yana juyawa a yatsanta. Na tambaya, ta ce rejim take yi, wai rage ƙiba. Na ce rejim ɗin ƙaniya, mace da jikoki. Ta yi dariya ta kauda maganar, ni kuma na bari. Wannan ma yana cikin abin da ke cina.

Bara'atu, matar Nasiru, ta kawo mata ruwa, ciki ya fito sosai. Yarinya ce mai hankali, 'yar Cadawa. Haihuwarta ta farko mace ce, ba ta yi jijjiga ba. Tana fita Zuwaira ta juyo.

"Kin gaya mata?"

Na ce, "Ai ta farkon lafiya lau."

"Ta farko ta tsallake. Kin gaya mata?"

Na ce, "Kin san bakin mutane. In iyayenta suka ji, gobe duk Cadawa an ce gidanmu gidan farfaɗiya ne. Ina da 'yan mata biyu ba su yi aure ba."

Ta ajiye kofin. Ta ce, "Rabi, ke ce mai wa'azin unguwa. Ɗankwalin ɗiyar maƙwabta ya zame, sai kin tsayar da ita a hanya. Ɗan wani ya wuce bai gaishe ki ba, sai uwarsa ta ji. Amma abin da zai hana yarinya shiga irin ɗakin da kika shiga, shi ne ya fi ƙarfin bakinki?"

Na ce in ya faru ai tana nan.

Ta ce, "Ba kullum nake nan ba."

Na ɗauka tafiye-tafiyenta take nufi. Na raka ta bakin mota ina yi mata mitar ba ta ci tuwo ba.

Ban gaya wa Bara'atu ba.

Ranar Litinin ta haihu a matarnite, namiji. Ranar Laraba ya sandare. Shi ya sa na yi ta kiran Zuwaira. Da ban same ta ba muka ɗauke shi zuwa asibiti, aka yi analiz ɗin jini, aka ba shi magani, aka riƙe mu har Juma'a sannan aka sallame mu da siro, maganin ruwa, da ranar komawa. Na ba likitan tarihin gidanmu, amma sai da na ja shi waje inda Bara'atu ba za ta ji ba. Ku dubi wannan hali. Yarinya tana ciki tana tambayar kanta me ta ci, me ta taka, ni ina waje ina raɗa.

Jiya da yamma sai ga taksin Gidan Runji a ƙofar gida, akuya ɗaure a samansa tana ihu. Yaya Hassi ta sauko da sandarta. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma akuyar nan mai shayarwa ta zaɓo. Na tambayi maigidana wa ya gaya mata. Ya ce ai 'yar'uwa ce, dole a sanar da ita. Na ce sanarwar ce ta haɗa da akuya? Ya ce Allah ya kyauta.

Na yi niyyar in bar ta ta kwana ta huta, in lallashe ta bayan suna. Lallashi. Shekara talatin muna lallashi.

Da safen nan, bayan kiran ƙanwar Zuwaira, na sauke ƙonannen kunun na nufi ɗakin Bara'atu, ni kaina ban san me zan ce mata ba. Na ɗaga labule. Yaron yana cinyar Yaya Hassi. Bara'atu ta juya wa ƙofa baya tana kuka ba sauti. Ludayi yana ƙasa da nono a ciki, kiyashi yana yawo a sama, ya riga ya mutu.

Yaya Hassi ta ce, "Zo ki gani da idonki, tunda ke 'yar lakol ce. Irin naki na."

Na ce, "Yaya, ba ni ludayin."

Na zubar, na ɗauraye, na fita tsakar gida na tatsi akuyarta. Na dawo na tsinci kiyashi a bakin ƙofa, na jefa a gabanta. Muka zuba ido mu uku. Ya yi wutsil-wutsil, ya yi shiru.

Na ce, "To, Yaya. Akuyar ma mugun nono gare ta."

Ta matso da ludayin kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Mota ta gajiyar da ita. Tun Cadakori take shan rana."

Wallahi da ba ranar mutuwa ba ce da na yi dariya. Na gane ko kiyashi ɗari na kashe ba zan kayar da ita ba, don ba a kan kiyashi muke gardama ba.

Na zauna a bakin gado na ce, "Bara'atu, juyo ki dube ni." Ta juyo. Na ce, "Mijinki ya yi irin wannan yana da kwana uku. Ƙannensa biyu sun yi. Babansu ya yi. Gado ne na gidan nan, ba daga gare ki ba ne, ba daga nononki ba ne. Na sani tun kafin a kai kuɗin gaisuwarki, na ɓoye miki don tsoron bakin mutane. Na zalunce ki. Ki yafe mini."

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta ce, "Mama, kwana uku ina roƙon Allah ya ɗauke ni ya bar shi."

Na kama hannunta na riƙe.

Yaya Hassi ta buga sanda. Ta ce, "Kin tona mu gaban baƙuwa. Wa za shi auri ɗiyanmu?"

Na leƙa na kira maigidana. Ya tsaya a bakin ƙofa, don ba ya shiga ɗakin suruka. Na ce, "Malam, yau kam ba Allah ya kyauta. Ka gaya wa yayarka abin da ke cikin karnen nan da ka ninke."

Na ɗauka zai sa takalmi. Sai ya ce, "Yaya, Inna ba ta da laifi. Ni ne na zo da abina, daga wajen Baba. Ta mutu ban gaya mata na sani ba."

Yaya Hassi tana da shekara goma lokacin da aka haife shi. Ita ce ta riƙa ɗura masa nonon akuya da hannunta, uwarsu tana gefe ƙirji a ɗaure. Tun ranar take ganin ita ta ceci ƙanenta.

Can ta ce, a hankali, "To in ba nono ba na, waɗanda munka binne hwa?"

Akwai Halima, akwai wasu kafin Halima. Na so in faɗi magana mai zafi, shekara talatin tana bakina. Da na dubi tsohuwar sai na kasa. Na ce, "Yaya, ba ku sani ba. Yanzu kun sani. Miƙa mata ɗanta."

Ba ta miƙa nan take ba. Ta gyara masa zane, ta shafa kansa, ta yi ta gunaguni a kan 'yan lakol da ba su bar wa manya komai ba. Sannan ta miƙa. Ya kama nono yana ja kamar mai bin bashi. Na ba shi siro a kan lokacinsa. Yanzu haka barci yake. Akuya gobe za ta koma inda ta fito, a kan taksin da ya kawo ta.

Na san wasunku za su kira ni kafin azahar su ce Rabi kin zubar da mutuncin gida a Fesbuk. Kada ku wahalar da kanku. Malam ya karanta kafin in saka, Nasiru ya karanta, 'yan matana biyu sun karanta. Ƙaramar ce ma ta ce in saka, wanda zai gudu ya gudu tun yanzu. Kuma na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Daga Gazawa har Gidan Runji akwai tsofaffin da ake kira masu mugun nono, suna nan suna sunkuyar da kai a taron suna. Ku je ku tambayi wa aka raina da nonon akuya a danginku, ku ja layi, ku ga inda zai kai ku.

Zuwaira, kin ba ni haushi. Kin tafi ba sallama, kin bar ni da aikin da ke kika iya. Allah ya gafarta miki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki. Allah ya sa yaran da kika mayar wa iyayensu mata su zama shaida gare ki ranar da ba wani mai shaida sai aiki. Allah ya ba 'ya'yanki da ƙanwarki haƙuri. Ya jiƙan Inna, ya jiƙan Halima.

Ku da kuka kai nan, ina roƙonku ku yi mata addu'a da bakinku, bayan salla, ku ambaci sunanta. Ku sa da jikana a ciki, jibi ne suna.

Ga kuma abin da na tara mutanen gidana na faɗa musu ɗazu, Yaya Hassi tana zaune. Daga yau, a gidan nan, ba a tatsar nonon kowa a ludayi. Jaririn da ya yi jijjiga likita za a kai shi a wannan sa'a, kuma a ƙirjin uwarsa zai je, a ƙirjinta zai dawo. Duk wanda ya zo neman 'yata, duk wadda ɗana ya je nema, ni da bakina zan gaya musu gadon gidan nan kafin a karɓi goro. Wanda ya ji ya fasa, Allah ya raka taki gona. Wanda kuma ya sake shigo mini da akuya saboda mai jego, shi da ita a waje za su kwana.